Bututun Hayaƙina da Bandar Hajiya

Ko na tsufa har na riƙa neman hulata tana kaina, ba na jin zan manta washegarin wata Babbar Sallah da muka yi a Danau Kota, wata unguwa a Kuala Lumpur. Ranar ce na kusa jawo wa 'yan'uwana Hausawa asarar filin da muke taruwa, duk a dalilin wata kalmar Turanci da na ɗauka na sa a raina. Yanzu shekaru sun shuɗe, na dawo gida ina koyarwa, amma har gobe in na ji ƙanshin banda sai na yi murmushi, wani lokacin kuma kunya ce take riga murmushin zuwa.

Karatun digiri na uku ne ya kai ni Kuala Lumpur, ni da matata da 'yarmu. Bincikena a kan kalmomin Turanci ne na cikin gida, irin waɗanda aka koya mana a makaranta muka haddace, alhali abin da suke nufi ba mu da shi a gidajenmu. Cikinsu akwai wata 'yar gajeriya, flue, wato hanyar da hayaƙi yake bi daga murhu ya fita ta saman gida. Sauran kalmomin kowacce mako ɗaya ko biyu nake yi in gama da ita. Wannan kuwa ta riƙe ni wata uku cur, kuma ba don an tilasta ni ba, daɗinta nake ji.

Abin da ya ja ni shi ne ba a san takamaiman inda ta fito ba. 'Yar'uwarta chimney asalinta a fili yake. Ingilawa sun karɓo ta daga Faransanci, Faransawa daga Latin, su kuma daga Girkawa, inda take nufin tanderu. Da farko ma murhun kansa ake kira da ita, daga baya ta hau rufi ta zama sunan dogon ginin da ke fitar da hayaƙi. Ita kuwa tawa, fiye da shekara ɗari huɗu ana faɗinta, amma in ka buɗe manyan ƙamusoshi sai su ce maka ba a tabbatar ba. Wasu suna danganta ta da tsohuwar kalmar kwararar ruwa. Wasu sun ce a da sunan bakin ƙahon da mafarauta ke busawa ne. Daga baya masu injin tururi suka sa wa bututun da zafi ke bi sunan, masu ƙera kayan kiɗan coci su ma suka ɗauka don kafar da iska ke ratsawa ta ba da sauti. Ni dai duk wanda na karanta sai in ga kamar shi ne mai gaskiya, har in karanta na gaba.

Daga ƙamus na faɗa cikin tsofaffin littattafan magina, don in gane abin da kalmar take nufi a aikace. A nan na koyi cewa hayaƙi mai zafi sama yake nema, kuma in ka ba shi doguwar hanya matsattsiya, shi da kansa zai riƙa jan na bayansa. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, domin a madafin mahaifiyata hayaƙi ba shi da hanya. Ƙofa yake bi, ko taga, ko idonmu, rufin ɗakin kuma baƙi wuluk da kunkunniya. Na zama ba ni da hira sai wannan. Matata in ta ga na buɗe baki a kan tabarmar cin abinci sai ta ce, "Malam, don Allah a bar mu mu haɗiye lomar nan kafin a kunna wutar." Abokaina kuwa, in mun zauna shan shayi a mamak, wato shagunan abincin Indiyawa Musulmi, ba sa raga mini. Wani ɗan Katsina mai karatun injiniya ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Gwamnati ta turo ka har Malesiya, mutane na fama da lab, kai kana bin hayaƙi. Too much lah, Farfesa." Daga ranar sunana ya koma Farfesan Hayaƙi, ni kuma ko a jikina, amsawa nake yi.

To ga yadda zamanmu yake. Dogon benen da muke haya akwai gidajen Hausawa da dama a cikinsa, cakuɗe da Malayawa da Sinawa da Indiyawa. A bayan wurin ajiye motoci akwai wani ɗan fili mai ciyawa, kuma manajan gidan yana ba mu shi na kwana biyu duk Babbar Sallah. Nan muke shimfiɗa tabarmi, a kawo naman layya daga masallacin da aka yi yanka, mata su yi suya, yara su yi ta guje-guje cikin sababbin kaya. Kwana biyun nan ne kaɗai a shekara muke mantawa da cewa a baƙunta muke. Matsalarmu ɗaya ce, yadda za a adana nama. Ƙasar ruwa ce, kusan kullum da yamma sai an yi ruwan sama, in ka shanya nama kafin ya bushe ya yi fumfuna. Firjin gidan haya kuma ba ya ɗaukar abin kirki. Banda ce mafita, kuma mai ita ɗaya ce tal a cikinmu, wata dattijuwa 'yar wajen Haɗeja da ta zo taya 'yarta rainon jikoki. Kowa Hajiya yake ce mata. A gidan masu bandar kifi ta tashi, hannunta kuma duk wanda ya ci ya shaida.

Shekarar da ta gabata Hajiya ta yi bandarta a filin kamar yadda ake yi a gida, wuta a ƙasa, waya a sama, an rufe da kwanon rufi. Iska ta juya, hayaƙi ya shiga gidajen hawa na ɗaya da na biyu, ƙararrawar gobara ta ɗauka, sai ga motar 'yan kwana-kwana har bakin ƙofa. Ba abin da ya ƙone, amma mun sha kunya. Don haka da wannan Sallar ta matso, manaja ya liƙa takarda a jikin lif: za a ba mu fili, amma ban da wuta ko ta ashana. Muka taru a falon shugabanmu na Hausawan gidan ana ta jimami. Wasu suka ce a haƙura, kowa ya soya nasa a kicin. Ni kuwa tun da aka fara magana ƙafata take rawa. Na miƙe na ce zan gina abin da zai ɗauke hayaƙin nan ya kai shi sama da kan kowa. Aka kwashe da dariya, amma da na zana musu a bayan wata takarda, dariyar ta ragu. Shugaba ya ce in manaja ya yarda, su ma sun yarda.

Manajan wani Bamalaye ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya saurare ni tsaf ina ta zuba, na taso tun daga Girkawa har na iso filinmu. Ya juya zanen sama da ƙasa, sannan ya ce, "Boleh." Ma'ana zai yiwu. Kafin in gama murna ya ɗaga yatsa. Ya ce kwamitin masu gida ba su manta bara ba. Zai bar mu mu gwada, amma in hayaƙi ya shiga gidan wani har ya kawo ƙara a rubuce, to an rufe mana filin gaba ɗaya, ba wuta kaɗai ba, har zaman ma. Ya tambaye ni ko na ji. Na ce na ji. Ya turo mini takarda na sa hannu ko karantawa ta biyu ban yi ba. Yanzu in na tuna, abin da na yi shi ne na ɗauki filin jama'a, wanda muke da tabbacin samu in mun haƙura da wuta, na ɗora a kan abin da ban taɓa gani da idona ba sai a littafi. A lokacin kuwa tsalle kawai ban yi ba a kan matakala.

A unguwar Setapak, nan kusa da mu, na samo wani tsoho ɗan asalin Sin mai ƙera bututun kicin na gidajen abinci. Na kai masa durom biyu da zanena. Ya dube shi ta saman tabarau, ya gyara mini faɗin bututun da alƙalaminsa, ya ce in dawo bayan kwana biyar. Kwana biyar ɗin nan kullum sai na leƙa, har ya fara nuna mini kujera da haɓa in na shigo. Abin da ya fito ya fi zanena kyau nesa ba kusa ba. Durom ɗaya a ƙasa na wuta, ɗaya a kansa mai ƙofa da wayoyin jera nama hawa uku, sannan daga samansa bututu ya tashi, tsawonsa ya kai mutum biyu da rabi. Muka kafa shi a ƙarshen filin, ta gefen da babbar kwata take, muka ɗaure da waya ta kusurwa uku.

Saura kwana biyu Sallah na yi gwaji. Na zuba ɓawon kwakwa, na kunna, na rufe ƙofa, na ja baya. Da farko shiru. Can sai ga hayaƙi ya ɓullo ta sama, ya miƙe sambal, ko kaɗan bai waiwayi gidan ba. Na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na kira matata ta leƙo ta baranda, na kira ɗan Katsina, na ɗauki hoto ya fi ashirin na watsa a zauren wayarmu. Ɗan Katsinan ya zagaya abin sau biyu, ya sa hannu a bakin murhun ya ji yadda iska ke shiga, ya ce, "Wallahi Farfesa, this thing is working." Mutum ɗaya ne ban kira ba, ita ce Hajiya. Ba raini ba ne a niyyata, kawai ban ga abin da zai kawo ta ba. A ganina nawa gini, nata jera nama.

Ranar Sallah ta wuce da yanka da rabo da suyar kayan ciki a kicin. Washegari da hantsi aka sauko da naman banda, roba-roba, na gida kusan goma sha biyar, an yanyanka an sa gishiri. Hajiya ta iso da lulluɓinta da 'yar kujerarta. Na gaishe ta, na buɗe mata ƙofar durom ina ji da kaina. Ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta ga kafar da ta tafi sama, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ina marfin wannan?"

"Ai ba shi da marfi, Hajiya. Nan ne sirrin abin yake."

Na shiga yi mata bayani. Allah ya yafe mini, har ƙahon mafarauta sai da na kawo mata. Ta saurara tana gyaɗa kai irin na manya, wanda ba ya nufin an yarda. Da na gama ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta fara jera nama. Aka kunna wuta, hayaƙi ya tashi sama kamar ranar gwaji, mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Na tsaya kusan awa ɗaya ina karɓar barka. Daga nan sai na ga bai kamata manaja ya rasa wannan kallo ba, na tafi ofishinsa in taho da shi.

Na same shi yana waya, na jira, muka ɗan taɓa hira, muka taho ina gaba yana biye. Ina cikin faɗa masa cewa baɗi ma sai mu yi guda biyu, muka sha kwanar wurin motoci. Na ja na tsaya. Saman bututun fes yake, ko ɗigon hayaƙi babu. Ƙasa kuwa, ta gefen ƙofa, ta bakin murhu, ta duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, farin hayaƙi ne yake tuttuɗowa mai kauri, yana bin ciyawa a hankali, ya nufi tagogin hawa na ɗaya. A barandar farko kuma an shanya fararen labule da kayan Sallah, suna ta kaɗawa a cikinsa.

Manaja ya tsaya. Ya dubi hayaƙin, ya dubi barandar, ya dubi agogonsa. Sannan ya ce, "Na ba ka minti goma." Na ruga. Duk abin da na karanta ya taso mini a kai lokaci ɗaya. Na tuna an ce bututu mai sanyi ba ya ja, na cusa jarida na kunna, hayaƙi ya ƙaru. Na ce iska ce ta yi kaɗan, na fizge faifai daga hannun wata mata na shiga fifita, hayaƙin ya buso mini a fuska har na durƙusa ina tari. Na girgiza bututun, na buga shi da itace. Ɗan Katsina ya ja baya yana kallon samansa ko tsuntsu ne ya faɗa. Tagogi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya, garam, garam. Na waiwaya na ga shugabanmu ya dafe kai, mata sun yi cirko-cirko da yara a hannu. Tsoro na gaske ya kama ni. Ba kunyar kaina ce ta fi damuna ba, tunanin baɗi ne, kowa a ƙunshe cikin falonsa ranar Sallah, kuma duk wanda ya leƙo ya ga filin nan wayam ya san wanda ya jawo.

Matata ce ta kama hannun rigata. Ta ce a hankali, "Malam, duk wurin nan mutum ɗaya ce hankalinta bai tashi ba. Je ka tambaye ta." Na duba, sai ga Hajiya zaune a kujerarta, ta bayan iska, tana jan carbi. Na je na tsuguna a gabanta idona na zubar da ruwa.

"Hajiya, ko kin ga abin da ya samu abin nan?"

"Ba abin da ya same shi. Ni na toshe shi."

"Kika toshe?"

"Da jiƙaƙƙen buhu, ta ciki. Da muciya na tura." Ta ajiye carbin a cinya. "Malam, nama aka ba ni in banda. Awa guda ina kallo, hayaƙin da zai shiga naman yana wucewa sama ko gaisawa ba sa yi. Wutar kuma abinka yana zuƙarta tana ci kamar ta maƙera. Na ƙasa ya fara ƙonewa, na sama ɗanye shar. Naman layyar mutane ne, in zauna ina gani ya lalace?"

Sai a lokacin na gane cewa tun da na fara wannan aiki ban taɓa tsayawa na yi tunanin abu ɗaya ba. Turawan da na karanta korar hayaƙi suke yi daga gidajensu, ba su da abin yi da shi. Mai banda kuwa hayaƙin shi ne kayan aikinta, tsare shi take yi ya kwanta a jikin nama. Na gina mata abin da yake kwashe mata abin da ta fi bukata, kuma ban taɓa tambayarta ba. Ita ma ashe ba wanda ya faɗa mata sharaɗin da na sa wa hannu. Na faɗa mata a gurguje. Ta dubi barandar, ta dubi manaja, fuskarta ta canza. Ta ce, "Shi ne ba ka faɗa ba tun ɗazu, ka tsaya kana ba ni labarin ƙaho? Tashi ka ciro shi."

Na naɗe hannuna da tsumma, na buɗe ƙofa, na rufe ido na lalubo buhun na fizgo. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wanda ya biyo baya ba. Bututun ya yi wani gurnani, hayaƙin da ya taru ya yi sama gaba ɗaya, na ƙasa ma da ke bakin murhu ya juya ya koma ciki. Jama'a suka ɗauki kabbara. Amma wutar ta sake tashi, maiƙo ya fara ɗiga yana tartsatsi, na ga abin da Hajiya take faɗi da idona.

Ba ta jira ni ba. Ta ce a miƙo mata murfin tukunyar ƙarfe. Ta zura shi saman wayar ƙarshe, ta tokare da dutse, ta rufe bakin kafar ya zama saura kamar faɗin yatsu uku. Ta janye rabin itacen, ta yayyafa wa ɓawon kwakwa ruwa ta lulluɓe garwashin da shi. Sannan ta ce in koma can nesa in riƙa faɗa mata abin da nake gani a sama. Haka muka yi, ni ina ɗaga murya, "Ya yi yawa, Hajiya," ko "Ya ɗauke," ita tana matsar da murfin kaɗan-kaɗan da muciya, tana sa tafin hannu a jikin durom tana jin zafinsa. Ba a jima ba abin ya daidaita. Siririn hayaƙi yana fita ta sama, ƙasa ko ɗigo, cikin durom kuma ya cika taf yana juyawa a kan nama. Murna ta sa na manta da tarin da nake yi, na riƙa zagaya abin ina dariya ni kaɗai.

Sai dai magana ba ta ƙare ba, don hayaƙi ya riga ya shiga gidan mutane. Muna tsaye sai ga mai barandar ta sauko, wata tsohuwa Bamalaya, labule a kafaɗarta. Ta nufi manaja kai tsaye ta kai masa labulen hanci, tana faɗa da sauri cikin harshensu. Ba sai an fassara mini ba. Manaja ya ce mata in tana so ta rubuta, ga ofis can a buɗe. Ta juya za ta tafi, daidai lokacin Hajiya ta buɗe ƙofar durom don ta juya nama, ƙanshi ya bugo. Tsohuwar ta tsaya. Ta dawo ta leƙa, ta ce, "Salai?" Manaja ya ce mana haka suke kiran banda, kuma a garin su tsohuwar nan sana'a ce babba. Kafin mu ankara ta tsuguna kusa da Hajiya, ta ɗauki ɓawon kwakwa ɗaya ta jinjina, ta girgiza kai, ta zaɓo wani ta miƙa. Hajiya ta karɓa ta shinshina, ta gyaɗa kai. Babu mai jin yaren wata, amma sun fi minti goma suna gardama da hannu a kan wuta, mu kuma muna tsaye ba mai ƙwaƙƙwaran numfashi.

Da mai barandar ta miƙe, ta yi wa manaja magana, ta nuna labulen, ta nuna ni. Ya fassara mini ba tare da ya yi murmushi ba. Ta ce ba za ta rubuta ba, amma duk abin da ke barandarta sai an sake wanke shi an goge yau, kuma wanda ya gina abin nan shi zai wanke, ba matarsa ba. Na ce, "Boleh, Mak Cik, boleh," wato na yarda, inna, har ina haɗa hannu biyu. Manaja ya zagaya durom ɗin, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon siririn hayaƙin. Sannan ya ce fili yana nan, baɗi ma a yi. Ya ƙara da cewa sai dai takardar baɗi ba ni zan sa mata hannu ba. Ya nuna Hajiya da haɓa ya ce ita za ta sa.

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma maganar ta shige ni. Yinin ranar, abokaina suna kan tabarma suna cin nama, ni ina sama ina wankin labulen maƙwabciya da guga, kuma ban taɓa yin wanki da farin ciki irin wannan ba. Ta taga ina hango filin cike da mutanenmu, ga tsofaffin nan biyu zaune gefen durom kowacce da muciya. Bandar ta yi kwana biyu ana yi, ta fito ja-wur, har wata uku muna sa ta a miya. Baɗi kuwa Hajiya ta je ofis da kanta, ta rubuta sunanta da ajami a inda nawa yake a da.

Abin da na koya ranar bai hana ni son littafi ba, har yau ina nan da halina. Amma na gane cewa in za ka gyara wa mutum aikinsa, komai yawan abin da ka karanta, fara zuwa ka tsuguna a gabansa ka tambaye shi me yake nema a cikin aikin. Ni sai da na yi wata uku a ɗakin karatu, na yi kwana biyar a shagon maƙeri, na sa filin jama'a a kasada, sannan na yi tambayar da ba za ta ci mini minti biyu ba, kuma matar da ke da amsar tana hawa ɗaya da ni a benen.